Waken da Muka Shuka a Tsibirin Jarba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya fitar da ni daga gida, Ya kuma komo da ni.

Tun da na dawo daga ƙasar Larabawa ban samu sakat ba. In na zauna a gindin tsamiyar ƙofar masallacin unguwarmu, sai a kewaye ni. Wannan ya ce, "Mutari, da gaske akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa?" Wancan ya ce, "An ce ka je wata ƙasa a tsakiyar ruwa, ba ka yi aikin komai ba sai ci da barci." Wasu kuma abin da ke bakinsu ba shi ne a ransu ba. So suke su ji yadda aka yi na fita da yayana Bukar, na dawo ni kaɗai. Malamin da ke koya mini rubutun ajami ya ce in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya a karanta masa. Da furfura a gemuna na fara riƙe alƙalami, hannuna bai yi sauri ba tukuna, sai a yi haƙuri da ni.

Mu mutanen fadama ne, gonarmu tana wajen Kirikasamma. Abin da muka tashi muka sani shi ne kogi ya cika da damina ya malale ƙasa, ya kwanta watanni, in ya janye mu bi bayansa da dagi muna shuka wake da dawar masakwa a cikin laka. Shekarar da muka bar gida, kogin bai fito daga kwarinsa ba. Fadama ta bushe ta tsattsage. Ana cikin haka sai ga wani Balarabe ɗan kasuwa, Sidi Miftahu, mutumin Tarabulus, ya zo Haɗeja sayen jar fata da gashin jimina, yana neman masu kula da kaya waɗanda suka iya ɗauri. Yaya Bukar ya ce za shi. Ya girme ni da nisa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma Auta yake kirana ko da yake na aurar da 'ya. Na ce masa ƙafata ƙafarsa.

Muka bi ta Nguru zuwa Kukawa, inda ayarin arewa ke taruwa. Barbarcin da muka ji a bakin kakarmu ya yi mana rana a can, ko da yake matan kasuwa suna yi mana dariya, suna cewa irin na tsofaffi ne. Daga nan muka bi gefen Chadi. A wurin na ga Yaya ya tsaya ya bar raƙuma suna tafiya, yana kallon inda tafkin ya janye, mutane sun shuka wake har iyakar gani. Ya tsuguna ya damƙi ƙasar ya sansana. Ya ce, "Auta, da kanwa a cikinta, amma dubi ganyen." Sai da madugu ya daka masa tsawa ya taso.

Ba zan tsawaita a kan hamada ba. Rana ta ƙona ka, sanyin asuba ya shiga ƙashinka. Raƙumin da aka ba ni ya tsane ni tun ranar farko, ya cije ni a kafaɗa, har yau tabon yana nan ga mai son gani. A Bilma muka ga gidaje da aka gina da gishiri. Gaba da nan, a bakin wasu rijiyoyi, akwai ƙasusuwan mutane a warwatse, ƙanana da manya. Ba wanda ya tambayi ko na su wa ne, kowa ya san abin da ake korawa ta hanyar nan. A wannan yankin Yaya ya fara tari. Da farko da asuba kawai, daga baya har cikin salla.

A Murzuk muka shiga hannun Turkawa. Askarawansu suka sa aka kwance kowane ƙunshi, suna soka sanda a cikin fatu. Ɗaya ya zare gashin jimina mafi kyau ya soke a hularsa, ya dube mu ko za mu yi magana. Sidi Miftahu ya yi murmushi kamar an yi masa kyauta. Mu muka kwana biyu muna sake ɗaurin da suka ɓata cikin ɗan lokaci.

Da muka isa Tarabulus, Yaya ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa. Sidi Miftahu mutumin kirki ne, ya kai shi wurin wani mai magani. Mutumin ya kanga kunne a bayansa, ya ce ƙirjin ya ji rauni, ba abin da zai sha ya warke sai hutu, da iska mai kyau, da abinci mai maiƙo. Ga shi kuma ayarin komawa zai tashi kafin zafi ya shigo. Madugun yana da ƙa'idar da ba ya ɗaga wa kowa: duk wanda zai bi shi, sai ya ɗaga salka cike da ruwa ya rataya ta a jikin raƙumi da hannunsa. Wanda ya kasa ba za shi ba, domin ya gaji da binne mutane a rairayi. In Yaya ya kasa, sai ya jira wata shekarar, in da rai.

Sidi Miftahu ya ce yana da suruki a wani tsibiri da ake kira Jarba, a cikin Bahar Rum, yamma da Tarabulus. Ya ce, "Ku je ku yi 'yan kwanaki. Kada ku ɗauki komai, kada ku ɗaure komai. Ku zauna kawai." Yaya ya ce da ni da Hausa, "Wai mu zauna kawai. Me muka yi masa?"

Jirgin da muka shiga ya fi kwale-kwalenmu goma, ba a tuƙa shi da gora, iska ke tura wani babban ƙyalle da aka ɗaura a kan itace. Ni da nake taƙamar na girma a kan ruwa, ban ɗaga kaina daga bakin jirgin ba sai amai. Yaya kuwa ko gezau, yana zaune yana tambayar matuƙan da hannu ina suke kafa gora in iska ta mutu. Da muka sauka, ashe mun fita daga ƙasar Turkawa mun shiga ta Sarkin Tunas. Mutanensa suka tsare mu a wani ɗaki a bakin ruwa, suka tuɓe mana riguna suka turara su da farar wuta, wai kada mu shigo da annoba. Na riƙe hannun Yaya ina roƙon Allah kada tarin ya taso a gabansu. Ya danne shi har idanunsa suka yi ja, bai saki ba sai da muka yi nisa.

Mai masaukinmu, surukin Sidi Miftahu, Si Yunusa ne, mai matsar man zaitun. Mutanen tsibirin ba sa cunkushewa a gari kamar mu. Kowa gidansa yana tsakiyar gonarsa, fari fat da farar ƙasa, da dabino da zaitun da ɓaure a kewaye. Babu kogi ko ɗaya, babu tafki. Ruwan sama suke tarewa daga rufin ɗaki ya gangara cikin wani rami da aka gine, shi za su sha har shekara. Na yi alwala irin ta gida ranar farko, na ɗaga kai na ga duk gidan suna kallon ƙasar da na jiƙa. Daga ranar na koyi alwala da ruwan da bai cika tafin hannu biyu ba. Suna salla da hannu a sake kamar mu, wannan ya kwantar mini da hankali.

Da safe garin sha'ir soyayye ake damawa da man zaitun. Da rana kuskus da kifi. Wata rana aka kawo wani abin ruwa mai hannuwa takwas, ba ƙashi ba ƙaya, wai a cikin tukwanen ƙasa ake kama shi, shi da kansa yake shiga ya ɗauka ɗaki ya samu. Na ci don kunyar mai gida. Yaya ya ce shi ba ya cin abin da bai san gabansa da bayansa ba.

A gidan akwai wata tsohuwa baƙa, Mabruka, ita ta yi renon Si Yunusa. Ranar da muka iso ta ji muna magana, sai ta ajiye tulun da ke hannunta ta zo ta tsaya a kanmu. Ta daɗe bakinta yana motsi kafin magana ta fito. Ta ce, "Sannu... sannunku da zuwa." Tana yarinya aka kama ta a wani ƙauye wajen Auyo. Ta manta sunan ƙauyen, ta manta sunan da uwarta ta sa mata, amma ba ta manta warin bandar kifi ba. Tun da Sarkin Tunas ya hana bauta take da 'yancinta, sai dai ba ta san inda za ta ba. Inna muke kiranta. Hausarta ta dawo kaɗan-kaɗan, kuma da ta dawo, a kan Yaya ta ƙare.

Domin Yaya ya ƙi zama. A shimfiɗa masa tabarma a inuwar zaitun, kafin a juya ya tashi yana gyara shingen gona, ko yana jan raƙumin da ke juya dutsen matsar mai.

Inna ta ce, "Kai, Bukar, zauna! Hutu aka aiko ka."

Ya ce, "Inna, a garinmu namiji in ya kwanta da rana tsaka, maƙwabta sai su fara leƙowa suna tambaya ko an kira malam."

"To nan ba garinku ba ne. Nan mai gida ma barci yake bayan azahar, liman ma haka."

"Shi ya sa gonarsu duk yashi."

"Yashin ne ya ciyar da kai yau, marar kunya."

Gaskiyarta, mutanen nan sun iya zama. Mutum ya ci abinci, ya jingina da bango, ya dubi itatuwansa, ba ya jin ya yi wa kowa laifi. Mu kuwa ba mu da sunan wannan zaman sai lalaci ko ciwo.

Da Si Yunusa ya ga baƙonsa ya ƙi hutawa a gida, sai ya ce zai kai mu bakin teku mu yini, can babu shingen da za a gyara. Inna ba ta bi mu ba saboda ƙafafunta. Muka tafi da jaki, aka gasa kifi a wata bukkar ganyen dabino, aka ci. Iska tana kaɗawa da sanyi, lokacin tsinkar zaitun ne. Si Yunusa da mutanensa suka lulluɓa da barguna suka yi barci.

Yaya ya taɓa ni. "Auta, tashi ka gani."

Ruwan ya janye. Inda na zaci teku ce, sai ga fili shimfiɗe, baƙar laka mai sheƙi, har can nesa inda ruwan ya koma kamar zare. A Tarabulus ba mu taɓa ganin ya yi haka ba. Wanda bai tashi a fadama ba ba zai gane abin da muka ji ba. Tun gefen Chadi rabonmu da ganin ƙasar da ruwa ya tashi a kai.

Yaya ya ce, "Lokacin kakarsu ya yi, ruwa ya koma, su kuwa suna barci."

Ya buɗe burgaminsa ya fito da wani ɗan ƙulli. Waken gonarmu ne. Duk yunwar da muka sha a hamada bai taɓa shi ba, don manomi ba ya cinye iri. Ya karyo reshen dabino ya fiƙe bakinsa. Na lakaci lakar na ɗanɗana, na ce, "Yaya, gishiri ce."

"Ta Chadi ma da kanwa. Can ciki za ta fi daɗi, inda ruwan ya fi daɗewa. Mun ci abincin mutumin nan kwana da kwanaki, mu bar masa abin da zai tuna mu da shi."

Muka tuɓe takalma muka shiga. Yana gaba yana soka rami, ina biye ina jefa ƙwaya ina takewa da diddige, kamar yadda muke yi tun ina yaro. Tarin ma ya lafa. Har waƙar shuka ya fara yi ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na wannan lokacin ba tun da muka bar gida.

Mun yi nisa sai muka ji ihu. Wani masunci ne a can gefe, kusa da shingen kifinsa, yana ɗaga hannu biyu yana nuna mu, yana nuna tudu. Yaya ya ce, "Ka ji, ashe da mai ita. Yi masa alama za mu raba amfanin." Na ɗaga hannu na nuna masa rabi da rabi. Mutumin ya dafe kai.

Sanyi na fara ji a idon sawuna. Na duba, ruwa ne, yana tafe shiru ba ko ƙara, yana cike ramukan da muka shuka. Na waiwaya, wani kwari da muka tsallake a bushe ya zama rafi tsakaninmu da tudu. Ruwan da muka sani in ya tafi sai wata shekara. Wannan kafin la'asar ya dawo.

Muka juya. A cikin kwarin ruwan ya kai mana ƙirji, laka tana riƙe ƙafa, ga sanyi kamar ana yanka mutum. Yaya ya faɗi, na ɗago shi, ya sake faɗi. Masuncin nan ne ya turo ɗan jirginsa ya jawo mu ciki, yana ta faɗa da harshensu. Har muka kai tudu reshen dabinon yana hannun Yaya.

Zazzaɓi ya kwantar da shi kwanaki, tarin ya fara fitowa da jini. Labari ya zaga tsibirin, na ga yara suna nuna ni suna kwaikwayon shuka. Inna ba ta yi dariya ba. Tana shafa masa mai mai ɗumi a ƙirji ta ce, "Kullum sau biyu yake tafiya ya dawo. Da na bi ku da na faɗa muku." Ta ƙara da cewa, "Ni ma ya ruɗe ni. Da aka kawo ni, na ga ya janye, na ce to, yau zai ƙafe in taka in tafi gida. Na yi ta gudu a cikin lakar. Sai da aka kamo ni."

Bayan zazzaɓin ya sauka ne Yaya ya zauna, don ba shi da ƙarfin yin wani abu. In za ku tambaye ni hutun da aka ce na yi, to waɗannan 'yan kwanakin ne. Da hantsi in fito da shi gindin zaitun, rana tana dukan ƙafafunmu, iska tana kawo ƙamshin mai daga wurin matsa. Inna ta kawo busasshen ɓaure. Ba mai kiranmu, ba abin da ke jiranmu. Tun da aka haife ni ban taɓa zama da yayana haka ba, sai dai a gona, shi a gaba ni a baya. Ya ba ni labarin mahaifiyarmu, wadda ban yi wayo da ita ba, yadda take tsoron kwaɗi alhali a fadama aka haife ta. Wata rana ya yi barci da rana tsaka, bakinsa a buɗe. Da ya farka ya ce, "Ashe da daɗi." Muka yi dariya har tarin ya tsayar da shi.

Sai saƙo ya zo daga Sidi Miftahu cewa ayari ya fara ɗauri. Yaya ya ce a ciko masa salkar gidan a kawo jakin Si Yunusa. Na ce ya bari sai mun je Tarabulus. Ya ce gara ya sani a nan, ba a gaban madugu ba. Ya sunkuya ya kama ta, ya ɗaga ta zuwa gwiwa. Ya ƙara yunƙurawa. Ya kai ta cinya, ta tsaya a nan. Jaki ne fa, ba raƙumi ba. Ya sauke ta a hankali don kada ruwan mutane ya zube.

Na ce, "Shi ke nan, mu jira wata shekarar tare."

Ya ce, "Gida biyu ba namiji, shekara uku? In kogi ya kawo bana, wa zai bi bayansa? Za ka tafi."

"Yaya, ba zan bar ka a hannun baƙi ba."

Inna ta ce daga bakin madafa, "Wa ye baƙon? Ni 'yar Auyo ce."

Si Yunusa ya dafa ƙirjinsa ya ce ɗakin na Yaya ne har ranar da Allah Ya yi. Na yi ta roƙon Yaya, a banza. Tun ina yaro in ya gama magana ya gama.

Ranar tafiyata ya hau jaki ya raka ni bakin jirgi. Ya zauna a kan wani dutse ya ce in gaya wa matarsa Falmata abin da na gani, kada in ƙara kada in rage. Jirgi ya tashi, ina hangensa da bargon da aka ba shi, har ya zama ɗigo.

Hanyar dawowa ita ce ta zuwa, sai dai ta fi tsawo. Labarin cewa ni kaɗai ne ya riga ni isa gida daga Nguru. Na tarar da dangi sun taru a ƙofar gidan Yaya, an fara shimfiɗa tabarmi. Falmata ta fito. Mace ce da duk lokacin da ta gan ni sai ta tsokane ni, irin wasan matar wa da ƙanen miji. Ranar ba ta ko gaishe ni ba, bayana take dubawa.

Ta ce, "Shi fa?"

Na faɗa mata duka, har da jinin, har da salkar.

Ta ce, "Da ka baro shi, a kwance yake?"

Na ce, "A zaune yake."

"Da kansa ya zauna, ko jingina shi aka yi?"

"Da kansa."

Ta juya wurin dangi ta ce, "Ku naɗe tabarmin nan. Ba wanda zai yi mini zaman makoki a ƙofar gida."

Aka naɗe. Ayari biyu sun sauka Kukawa tun daga lokacin, na aika an tambaya, ba wanda ya bi ta Jarba. Abin da na sani ke nan, ban ɓoye komai ba. Wanda ya ji wannan ya sa Bukar a addu'a, irin wadda ake yi wa matafiyi.